Izinin Manaja Kafin Shiga Kwamfutar Gajimare: Me Yake Karewa, Me Yake Jawowa?

A ma'aikatun da suka mayar da ayyukansu kan gajimare, akwai wata taƙaddama da ke yawan tasowa tsakanin injiniyoyi da jami'an tsaron bayanai. Jami'an tsaro suna son kada kowa ya shiga muhimmiyar kwamfuta sai ya nemi izini, wani babba ya amince, kuma izinin ya mutu da kansa bayan 'yan sa'o'i. Injiniyoyi kuma suna ƙorafin cewa wannan sharaɗi yana ɗaure musu hannu a lokacin da aiki ya fi buƙatar sauri. Shugabannin da ba su da zurfi a fannin sukan ji an ce "ai mun kunna izinin wucin gadi", sai hankalinsu ya kwanta, suna zaton akwai wanda ke duba kowace buƙata. Sau da yawa babu shi.

Tushen ruɗanin shi ne an cakuɗa abubuwa biyu: iyakance lokacin shiga, da neman amincewar mutum kafin a shiga. Kowanne yana da haɗarin da yake magancewa, kowanne yana da tsadarsa. Wannan sharhi zai rarrabe su, ya duba inda buƙatar ta samo asali, ya kawo hujjojin ɓangarorin biyu, sannan ya nuna inda amincewar manaja ke da amfani da inda take zama sa hannu kawai.

Ma'anar muhimman kalmomi

Gajimare, a wannan fanni, yana nufin ɗimbin kwamfutocin da manyan kamfanoni irin su Amazon, Microsoft da Google suka jibge a cibiyoyin bayanai, suna ba da hayar ƙarfinsu ta intanet. Maimakon banki ko asibiti ya sayi injuna ya gina musu ɗaki mai sanyi, sai ya karɓi haya, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Amazon ya fara irin wannan haya ga jama'a a shekarar 2006 da tsarinsa mai suna EC2, daga baya Microsoft ya zo da Azure, Google ma ya fito da nasa.

Kwamfutar gajimare, wadda ma'aikatan fannin ke taƙaita sunanta da haruffan VM, kwamfuta ce da manhaja ta ƙirƙira a cikin wani babban inji. Inji guda yana iya ɗaukar irinsu da yawa, kowacce tana aiki kamar mai cin gashin kanta, da nata Windows ko Linux, da nata ma'ajiyar bayanai. Yawancinsu suna aikin saba ne, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima: ita ke riƙe da shafin kamfani, ko bayanan abokan ciniki, ko lissafin albashi.

Tunda injiniya ba ya iya zuwa ya taɓa ta da hannu, daga nesa yake shiga, ta wasu ƙofofi masu lamba. Ƙofa ta 22 ita ce ta SSH, hanyar da aka fi bi wajen sarrafa Linux da rubutattun umarni. Ƙofa ta 3389 ita ce ta RDP, wadda ke kawo wa mutum fuskar Windows a kan allonsa kamar yana zaune gabanta. Katangar tsaro kuma ita ce jerin ƙa'idojin da ke cewa wace ƙofa ce a buɗe, kuma ga wa.

Izinin dindindin shi ne wanda aka ba ma'aikaci ya ci gaba da riƙewa dare da rana, ko yana da aiki a kan na'urar ko ba shi da shi. Izinin wucin gadi shi ne wanda ake bayarwa a lokacin da buƙata ta taso, na sa'o'i ƙayyadaddu, ya kuma ƙare ba tare da wani ya tuna ya soke shi ba. Amincewa, a ƙarshe, ita ce wani mutum na biyu ya duba buƙatar ya ce e ko a'a.

Inda buƙatar ta samo asali

Tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1975, masana biyu daga jami'ar MIT ta Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, sun wallafa wasu ƙa'idojin kare bayanai da har yau ake koyar da su. Biyu daga ciki su ne ginshiƙin wannan batu. Ta farko ta ce a ba kowane mutum da kowace manhaja mafi ƙarancin ikon da aikinsu ke buƙata. Ta biyu ta ce tsarin da ke neman sharuɗɗa biyu kafin ya buɗe ya fi mai neman sharaɗi ɗaya ƙarfi. Izinin wucin gadi ya fito daga ta farko, amincewar mutum na biyu kuma daga ta biyu.

Abin da ya mayar da ƙa'idojin daga aji zuwa ofis shi ne ɓarnar da aka gani. Duk kwamfutar da aka bar ƙofarta ta RDP ko SSH a buɗe ga intanet, ba ta daɗewa manhajojin masu kutse za su gano ta, su shiga gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya ba gajiya. Gungun da ke amfani da manhajar garkuwa da bayanai mai suna SamSam, wadda ta durƙusar da ayyukan birnin Atlanta a watan Maris na 2018, ya yi suna wajen shiga ta ƙofar RDP. A watan Mayu na 2019 kuma aka bayyana wata ɓaraka a cikin RDP ɗin kanta, aka yi mata laƙabi da BlueKeep, mai barin ɗan kutse ya shiga ba tare da kalmar sirri ba. Tsananin haɗarinta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ya daina kulawa da ita tun 2014.

Haɗari na biyu shi ne izinin da aka manta da shi. A watan Satumba na 2018, wani injiniya da ya ajiye aiki a kamfanin Cisco watanni biyar kafin lokacin ya shiga asusun kamfanin da ke kan gajimaren Amazon, ya goge kwamfutocin gajimare 456. Asusun masu amfani da manhajar WebEx Teams fiye da 16,000 suka tsaya, wasu har tsawon mako biyu. Kamfanin ya kashe kusan dala miliyan 1.4 na lokacin ma'aikata wajen gyara, ya kuma mayar wa abokan ciniki fiye da dala miliyan 1. Kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu a ƙarshen 2020. Haka nan a shekarar 2021, masu kutse sun shiga kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusu da ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Kamfanin ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4, gidajen mai kuma suka bushe a sassan gabashin ƙasar.

Haɗari na uku shi ne yawan masu riƙe da iko. Bayan kutsen da aka yi wa Twitter a watan Yuli na 2020, inda aka yaudari ma'aikata ta waya aka kai ga asusu 130 na fitattun mutane da kamfanoni, rahoton hukumar kula da harkokin kuɗi ta jihar New York ya nuna ma'aikata fiye da 1,000 ne ke iya taɓa kayan aikin cikin gida da aka yi ɓarnar da su. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowane izinin dindindin da ba a buƙata tsaga ce a bango.

Wa'adi daban, amincewa daban

Tsarin Azure na Microsoft ya fi kowanne fito da wannan bambanci fili. A cikin Microsoft Defender for Cloud, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Azure Security Center, akwai tsarin buɗe ƙofa na ɗan lokaci. Idan aka kunna shi a kan wata kwamfuta, sai ya rufe ƙofofin sarrafawa a katangar tsaro, irin su 22 da 3389. Injiniyan da ke son shiga zai danna neman izini, ya faɗi ƙofar da yake so, adireshin intanet ɗin da zai shigo daga gare shi, da tsawon lokaci. Wa'adin da tsarin ke zuwa da shi sa'o'i uku ne, ana kuma iya sauya shi. Da lokacin ya cika, katangar ta koma yadda take.

Tambayar ita ce: wa ya amince? Amsar ita ce manhajar da kanta. Tana duba ko mai neman yana da matsayin da ya ba shi damar neman buɗe wannan kwamfuta. In yana da shi, nan take ƙofa ta buɗe, ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Kalmar "neman izini" da ke kan allo ce ke sa mutane tunanin akwai wani a ɗaya ɓangaren. Akwai kuma ƙarin abubuwa biyu da ya kamata shugabanni su sani. Buɗe ƙofa ba shiga ba ne, mutum yana buƙatar kalmar sirri ko mabuɗin kwamfutar. Sannan cikar wa'adi yana hana sabuwar shiga ne kawai, wanda ya riga ya shiga bai fita ba ana barinsa a ciki.

Wannan tsari yana da amfani ƙwarai a kan baƙon ɗan kutse da ke yawon neman buɗaɗɗun ƙofofi. Amma idan an sace asusun injiniyan ne, ko shi injiniyan ne ke da mugun nufi, ɓarawon zai danna maɓallin ya buɗe wa kansa.

Mai son sa hannun mutum sai ya haɗa da wani tsari na daban, wanda ke cikin Microsoft Entra ID, wato abin da kafin tsakiyar 2023 ake kira Azure Active Directory. Sunan tsarin Privileged Identity Management, ana taƙaita shi da PIM. A nan ba a ba injiniya matsayin kai tsaye. Ana rubuta shi ne a jerin waɗanda suka cancanta. Idan aiki ya taso sai ya nemi a kunna masa matsayin, ya rubuta dalili, ya wuce tantancewa mai mataki biyu, in an so har ya sa lambar tikitin aikin. Idan an sa sharaɗin amincewa, saƙo zai tafi ga waɗanda aka naɗa, kuma suna da sa'o'i 24 su amsa, in ba haka ba buƙatar ta faɗi. Mutum ba ya iya amincewa da buƙatar kansa. Matsayin da aka kunna ba ya wuce sa'o'i 24, ma'aikata kuma na iya rage shi zuwa sa'a ɗaya ko biyu. Da wannan haɗi, sai an amince wa injiniya kafin ma ya sami damar neman buɗe ƙofa. Duka tsarin biyu suna buƙatar lasisi na musamman da ake biya, kuma wannan kuɗi yana cikin abin da ƙananan kamfanoni ke aunawa.

Sauran manyan kamfanonin ma sun bi wannan hanya. Amazon yana da Session Manager tun 2018, mai barin a shiga kwamfuta ba tare da buɗe wata ƙofa ga intanet ba, kuma a 2025 ya ƙara masa tsarin izinin wucin gadi wanda ake iya sa wa amincewar mutum, ko amincewa ta atomatik bisa ƙa'ida, ko hani gaba ɗaya. Google ya fito da Privileged Access Manager a 2024, mai aiki da irin wannan tsari na cancanta, buƙata, amincewa da wa'adi. Kamfanonin sun ma ɗora wa kansu sharaɗin: ta Customer Lockbox na Microsoft da Access Approval na Google, abokin ciniki na iya tilasta wa injiniyoyin kamfanonin neman yardarsa kafin su taɓa bayanansa.

Wane ne manajan?

Nan ne ruɗani na biyu yake. A bakin jama'a, manaja shi ne ogan da ke sa hannu a takardar hutun ma'aikaci. A harkar tsaro kuwa mutum uku ne ke iya ɗaukar wannan kujera, kuma abin da kowanne ya sani ya bambanta.

Shugaban ma'aikaci kai tsaye ya san mutumin: ya san ko yana bakin aiki yau, ko an ba shi wannan aikin, ko ya miƙa takardar ajiye aiki. Amma ba lallai ya san abin da ke cikin kwamfutar ba. Mai kula da tsarin, wato wanda alhakin wannan saba ke wuyansa, ya san abin da ke ciki da abin da zai lalace in an taɓa ba daidai ba, amma ƙila bai taɓa ganin mai neman ba. Jami'in tsaro kuma ya san alamun kutse, kamar buƙatar da ta taso daga wata ƙasa da tsakar dare, amma bai san aikin yau da gobe na sashen ba.

Manhajojin ma sun bambanta a nan. A PIM, waɗanda ke amincewa mutane ne ko rukuni da aka rubuta sunayensu tun farko, ba wai tsarin zai nemo shugaban kowane ma'aikaci da kansa ba. Mai son buƙata ta tafi kai tsaye ga shugaban mai nema sai ya bi ta wani sashe na Entra mai kula da ƙunshin izini, inda ake iya zaɓar manaja a matsayin mai amincewa, a kuma jera matakai fiye da ɗaya. Wannan yana aiki ne kawai idan rajistar ma'aikata daidai take. Inda aka yi sauyin wurin aiki ba a gyara rajista ba, buƙata za ta tafi ga tsohon oga, ko ta rataye babu mai karɓa.

Hujjar masu goyon baya

Hujjarsu ta farko ita ce asusun da aka sace ba ya isa shi kaɗai. Ɗan kutse da ya mallaki kalmar sirrin injiniya sai ya sake yaudarar mutum na biyu, kuma buƙatar da zai aika tana iya zama ƙararrawar da za ta tona shi. Misalinsa mabuɗin sito ne: wanda ke rataye a aljihun kowane ma'aikaci daban yake da wanda sai an je wurin mai ajiya an faɗi abin da za a ɗauko, an rubuta suna da lokaci.

Hujja ta biyu ita ce kuskure, wanda ya fi mugunta yawa a kowace ma'aikata. Injiniyan da ya gaji yana iya zaton yana kan kwamfutar gwaji alhali yana kan ta ainihi. Tilasta masa rubuta sunan na'urar da dalilin shiga, da kuma wani ya karanta, yana kama irin wannan kafin ya zama asara.

Hujja ta uku ita ce shaida. Idan abu ya faru, ana son sanin wa ya shiga, yaushe, don me, da yardar wa. Masu binciken ƙa'ida ma wannan suke nema. Ma'aunin PCI DSS, wanda ya hau kan duk mai sarrafa bayanan katin banki, ya tanadi a taƙaita shiga bisa buƙatar aiki, kuma wanda ke da hurumi ya amince da ikon da aka bayar. Ma'aunin ISO 27001, a bugunsa na 2022, yana da sashe kan kula da manyan izini da wani kan raba ayyuka tsakanin mutane. Babu ɗayansu da ya ce dole manaja ya danna maɓalli a kowace shiga, amma tsarin amincewa hanya ce mai sauƙi ta nuna an cika sharaɗin.

Hujjar masu suka

Masu suka ba su musanta haɗarin ba. Abin da suke tambaya shi ne ko amincewar tana yin aikin da aka ce tana yi. Manajan da buƙatu talatin ke shigo wa wayarsa kullum, yana tsakanin taro da taro, ba zai karanta kowacce ba. Zai koyi danna "na amince" kamar yadda ake kashe ƙarar agogo. Abin da ya faru da Uber a watan Satumba na 2022 ya nuna yadda gajiya ke karya irin wannan kariya: ɗan kutse da ya sami kalmar sirrin wani ɗan kwangila ya yi ta ƙoƙarin shiga, saƙon neman tabbatarwa na ta zuwa wayar mutumin, har a ƙarshe ya amince da ɗaya. Wancan tantancewar shiga ce, amma raunin ɗan Adam da aka yi amfani da shi iri ɗaya ne.

Suna kuma kafa hujja da binciken ƙungiyar DORA, wanda Nicole Forsgren, Jez Humble da Gene Kim suka tattara a littafinsu Accelerate na 2018. Binciken ya gano cewa tilasta wa injiniyoyi jiran amincewar wani kwamiti na waje kafin su sauya manhaja yana rage saurin aiki da saurin gyara, ba tare da an ga ya rage yawan sauye-sauyen da ke lalacewa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne abokin aiki da ya san aikin ya duba. Adalci ne a faɗi cewa binciken a kan sauya manhaja yake, ba a kan izinin shiga ba. Duk da haka darasinsa ya shafi batun: nisan mai amincewa daga aikin yana rage darajar amincewarsa.

Suka ta uku ita ce tsarin da ya matsa wa mutane yana koya musu zagaye. Injiniyan da ya taɓa jiran sa'o'i huɗu don aikin minti goma zai fara neman wa'adi mafi tsawo ko da ba ya buƙata, ko ya bar zamansa a buɗe kada ya fita, ko ya ajiye wa kansa wani mabuɗi a ɓoye, ko ya ari asusun abokinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fi izinin dindindin da aka sani haɗari, domin babu shi a rajista.

Ranar gaggawa

Gwajin gaskiya na kowane tsarin amincewa shi ne ƙarfe biyun dare, lokacin da sabar biyan kuɗi ta tsaya, manaja kuma yana barci ko yana cikin jirgi. Ma'aikatun da suka yi tunani a kan wannan sukan tanadi abubuwa uku. Suna naɗa rukunin masu amincewa maimakon mutum ɗaya, da jadawalin wanda ke kan aiki. Suna barin injiniyan da ke tsaron dare ya kunna izininsa ba jira idan akwai buɗaɗɗen rahoton matsala, a sanar da shugabanni nan take, a kuma bi diddigin abin da ya yi washegari. Sannan suna ajiye asusun gaggawa da ba ya bi ta tsarin amincewa sam, don ranar da tsarin da kansa ya faɗi. Microsoft yana ba da shawarar a riƙe irin wannan asusu aƙalla biyu, a adana mabuɗansu da kyau, kuma duk lokacin da aka taɓa su ƙararrawa ta tashi. Ma'aikatar da ta sa sharaɗin amincewa ba ta tanadi hanyar gaggawa ba tana iya kulle kanta a waje ranar da ta fi buƙatar shiga.

Abin da ake sa ran zai biyo baya

Alƙiblar fannin a bayyane take: izinin dindindin yana ja da baya. Tun da hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta wallafa jagoranta a 2020 kan tsarin da ba ya yarda da kowa don kawai yana cikin gida, ake ƙara karkata ga ba da izini a kowane zama, bisa buƙatar wannan lokacin. Ana kuma ƙara barin ƙa'idoji su yanke hukunci a kan buƙatun yau da kullum, a keɓe wa mutane waɗanda suka fita daga al'ada. Wata hanyar da ke ƙaruwa ita ce rage buƙatar shiga kwata-kwata: ayyukan da aka saba yi da hannu, kamar sake kunna manhaja ko ɗauko rajistar kurakurai, a mayar da su umarni shiryayyu da ba sa buƙatar kowa ya zauna a cikin kwamfutar.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, ganin yadda bankuna, kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya da hukumomi ke ɗora bayanan jama'a a kan gajimare. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa masu riƙe da bayanan mutane ɗaukar matakan tsaro da suka dace, da sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin sa'o'i 72 idan an yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu sarrafa bayanai tana iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kamfanin da ba shi da rajistar wa ya shiga wace saba zai sha wahalar gano girman ɓarna cikin kwana uku. Ma'aikatan banki kuwa sun riga sun saba da ƙa'idar mai shigarwa daban, mai tabbatarwa daban a harkar kuɗi, don haka faɗaɗa ta zuwa kwamfutocin da ke riƙe da kuɗin ba baƙon abu ba ne a gare su.

Matsaya

Idan aka auna hujjojin, abubuwa biyun da aka rarrabe tun farko ba hukunci ɗaya suke ɗauka ba. Iyakance lokaci ya dace da kusan kowace kwamfuta, domin tsadarsa kaɗan ce, kuma yana kawar da buɗaɗɗun ƙofofi da izinin da aka manta. Amincewar mutum kuwa abu ne mai tsada, domin hankalin mutum ake kashewa, kuma hankali yana ƙarewa. Ya kamata a adana ta ga wuraren da kuskure ko cin amana zai yi babbar ɓarna: sabar da ke riƙe da bayanan abokan ciniki, tsarin biyan kuɗi, ma'ajiyar kwafin ajiya, da asusun da ke iya ba wasu izini. Kwamfutocin gwaji da na koyon aiki, wa'adi da rajista sun wadatar.

Inda aka sa amincewa, a ba da ita ga wanda zai iya cewa a'a da hujja. Sau da yawa wannan shi ne mai kula da tsarin ko babban abokin aiki, shugaban ma'aikaci kuma ya riƙe aikin da ya fi sani, wato tantance wa ya cancanci shiga jerin tun farko da cire wanda ya sauya aiki ko ya tafi. A nuna wa mai amincewa dalili, tikitin aiki da inda buƙatar ta fito, a kuma riƙa duba alƙaluma lokaci zuwa lokaci. Idan aka ga watanni sun wuce ana amincewa da kowace buƙata cikin daƙiƙoƙi, ba a taɓa ƙin ko ɗaya ba, ba a taɓa mayar da tambaya ba, to ko dai a cire sharaɗin daga wannan kwamfuta, ko a sauya mai amincewa. Shugaban da ke son sanin halin da ma'aikatarsa take ciki yana iya farawa da tambayoyi uku ga sashen kwamfuta: mutum nawa ne ke iya shiga sabar da ta fi muhimmanci a yanzu ba tare da tambayar kowa ba, wa ke duba buƙatar sauran, kuma me ake yi idan ba a same shi ba.